Kundin aiki: rage kantar jan ƙarfe a bututun bindiga mai wuyar wankuwa

6 ga Janairu

Bindigogi uku ne a kan tebur, duka masu sakata (ƙarfen da ake ja da hannu ya tura harsashi ya kulle bayansa), kuma a ido cutarsu ɗaya: kafin a cika harbi ashirin jan ƙarfe ya shafe cikin bututu, wanki kuma sai ya cinye yini. Mun ba su lamba don kada lissafi ya cakuɗe.

Ta Ɗaya .308 Winchester ce, kusan sabuwa, bututun masana'anta na ƙarfen 4140 (nau'in ƙarfe mai iya yin tsatsa), layukan da ke cikinsa na murɗa ɗaya a kowane inci 12, harbinta bai kai 150 ba. Ta Biyu .243 Winchester ce, bututunta ƙarfe mara tsatsa, ta haura harbi 1,800. Ta Uku tsohuwar .30-06 ce da ta taɓa shan ajiya babu mai, tsatsa ta ci ta ta bar mata zane.

Ma'auninmu biyu ne. Na farko, harbi nawa bututu ke ɗauka kafin tarin ramuka a takardar bara ya fara buɗewa a nisan mita 100. Na biyu, zagaye nawa na magani da minti nawa wanki ke ci. Kowace bindiga harsashi iri ɗaya za ta ci daga farko har ƙarshe, daga ƙulli ɗaya, sai in ƙwaya ko albarushin ne ake gwadawa, kuma abu ɗaya tak za a canja a kowane gwaji. Wanda ya canja magani da albarushi da ƙwayar harsashi a rana ɗaya, in abin ya yi kyau ma bai san wa zai gode wa ba.

Ƙa'idar tebur: a zare sakata, a leƙa ɗakin harsashi da ido, kuma kada harsashi ko ɗaya ya kasance a wurin wanki. Wannan na ƙarshen yana da dalili na biyu bayan tsaro, domin tururin amoniya na sa kwanson tagulla ya tsage a wuya.

13 ga Janairu

Yau kyamarar leƙa bututu ta shiga duka ukun, sai ga shi cutar da ta zama ɗaya a ido ta rabu gida uku.

Kafin bayanin abin da aka gani, ga yadda jan ƙarfen ke zuwa. Rigar ƙwayar harsashi galibi gauraye ce ta jan ƙarfe kashi 95 da tutiya kashi 5. Cikin bututu akwai layuka masu murɗawa, tudu da kwari, da ke juya ƙwaya. A .308 faɗin rami daga tudu zuwa tudu inci 0.300 ne, daga kwari zuwa kwari 0.308, ƙwayar kuma 0.308 ce. Ke nan kowane tudu sai ya nutse cikin rigar da inci 0.004, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, a ƙarƙashin matsin da iyakarsa ta kai fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci. In ƙarfen bututun santsi ne, tudun ya ture rigar ya wuce. In kuwa akwai kaushi, to magagari ne, kowane harbi sai ya kankare wani abu ya riƙe. Abin da ya fi muni shi ne jan ƙarfe na son ɗan'uwansa: da zarar shimfiɗar farko ta kama, ta biyu ta fi saurin kamawa.

Ta Ɗaya: zanen rima (ƙarfen da ake fere cikin rami da shi) a kan tudu tun daga maƙogwaro, wato farkon bututu daidai gaban ɗakin harsashi, har baki, a gicciye, kamar matakalar tsani. Rimar da ta daidaita ramin kafin a yi murɗa ita ta bar shi, kuma ba a goge bututun da hannu bayan nan ba. A maƙogwaro ma akwai zanen rimar da ta yanka ɗakin harsashi, shi ma a gicciye yake da hanyar ƙwaya. Jan ƙarfen bai taru a maƙogwaron ba, ya taru ne a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe, wajen baki. Wannan na ruɗin mutane, su ɗauka can laifin yake. Yawancinsa a maƙogwaro aka kankaro shi, iskar albarushi mai zafi ta kwashe shi gaba, ya sauka inda ta fara hucewa.

Ta Biyu: bututun santsi ne sarai, amma inci biyu na farko bayan ɗakin harsashi sun tsattsage kamar busasshen tabo. Zafi ne ya yi wannan. .243 na tura albarushi mai yawa ta rami ƙarami, kwansonta ma na .308 ne aka matse wa wuya, don haka maƙogwaronta ke riga na .308 mutuwa. Gefen kowace tsaga wuƙa ce ga rigar ƙwaya.

Ta Uku: zanzana. Ƙananan ramukan tsatsa birjik a cikin kwari, sun fi yawa a tsakiyar bututu, kowanne cike da jan ƙarfe kamar an yi masa ciko.

Mun kuma tura dunƙulen dalma mai laushi, wanda aka shafa wa mai, ta cikin kowane bututu don a ji inda ya matse da inda ya saki. Ta Ɗaya na da matsi guda wajen inci shida daga ɗakin harsashi. Sauran biyun sun tafi daidai.

20 ga Janairu

Mako guda ya tafi a banza. Ƙyalle na ta fitowa shuɗi daga Ta Ɗaya har zagaye na goma sha, alhali kyamara na nuna tudu fes. Kan sandar wanki na tagulla ne, buroshin ma na tagulla. Amoniya ba ta tambayar daga ina jan ƙarfe ya fito, duk inda ta same shi sai ta narkar ta ba da shuɗi. Kayan wankin namu ne ke rina ƙyallen.

An sauya kaya: kan sanda na alminiyam, buroshin nailon mai kauri wanda jijiyarsa ba tagulla ba ce (a duba wannan, akwai buroshin nailon da ake murɗa shi a kan wayar tagulla), sanda guda mara gaɓa mai rufin roba, da jagoran sanda da ke zama a gurbin sakata. Jagoran na hana sanda gogar maƙogwaro, yana kuma hana magani malala cikin kunama da katakon bindiga. Sanda daga baya take shiga, ta fita ta baki. In buroshi ya fita, a kwance shi kafin a jawo sanda, domin leɓen baki shi ne wuri na ƙarshe da ke taɓa ƙwaya, ƙaramin lahani a nan ya ishe shi watsa harbi.

Buroshin tagulla bai tafi kwandon shara ba. Yana da aiki a kan baƙin albarushi, da maganin da babu amoniya a ciki.

3 ga Fabrairu

Duka ukun sun kai ga tsuran ƙarfe. Wannan ne aikin da ya fi kowanne cin lokaci, kuma duk abin da za a shafa wa bututu daga baya a kansa ya dogara.

Dauɗar tsohon bututu hawa-hawa take: baƙin albarushi, jan ƙarfe, baƙi, jan ƙarfe. Maganin jan ƙarfe ba ya huda baƙin da ya gasu, maganin baƙi kuma ba ya taɓa jan ƙarfe. Shi ya sa mutum zai ga ƙyalle ya fito fari ya ce ya gama, alhali wata shimfiɗa na kwance a ƙarƙashin baƙi tana jiran sa. Zagayen da ya yi mana aiki shi ne wannan.

A fara da ƙyalle uku jiƙe da maganin baƙi, a bi da buroshin tagulla sau goma, a bar shi minti goma, a busar da ƙyalle. Dole a busar sarai kafin a sa wani magani, domin haɗa magunguna biyu a cikin bututu na iya haifar da abin da zai ci ƙarfen kansa. Sannan ƙyalle biyu jiƙe da maganin amoniya, a bi da buroshin nailon gaba da baya har ya yi kumfa. Kumfar tana da amfani: amoniya ba ta narkar da jan ƙarfe sai da iskar oksijin, buroshin ne ke cusa iskar. Magani mai ƙarfi irin Sweet's 7.62, mai amoniya kashi 5, kada ya wuce minti 15 a ciki, mu minti goma muke ba shi. A fitar da shi da busasshen ƙyalle, a duba launi, a maimaita har shuɗin ya ɗauke. Daga nan a koma kan baƙi. In shuɗi ya dawo bayan an cire baƙi, to an buɗe sabon hawa.

Ta Ɗaya hawa biyu ta ba mu. Ta Biyu huɗu, da wani zoben baƙi mai tauri a daidai inda wuyan kwanso ke ƙarewa, wanda bai motsa ba sai da man gurza na J-B a kan ƙyalle da aka naɗa wa tsohon buroshi, ana jujjuya shi a wurin. Ta Uku ta kai hawa shida, kuma cikin ramukan zanzana amoniya ta gaza, domin minti goma ba sa isa ta kai ƙasan rami. A nan maganin kumfa mara amoniya ya fi, wanda ake iya barin sa ya kwana. Dare uku aka yi, bakin bindiga na kallon ƙasa kaɗan don abin da ya narke ya zubo waje.

Abin lura ga mai amfani da maganin jan ƙarfe na KG-12: ba ya ba da shuɗi ko da yana cin jan ƙarfe, don haka launin ƙyalle ba zai gaya maka komai ba, sai kyamara.

Amoniya na barin ƙarfe tsirara, babu ko ɗigon mai. Bututun 4140 da aka bari haka ya kwana zai iya wayar gari da jan ƙurar tsatsa. Kowane zama sai an rufe shi da ƙyalle mai mai.

10 ga Fabrairu

Ma'aunin tushe, kafin a taɓa komai. Harbi biyar-biyar, ana barin bututu ya huce tsakani.

Ta Ɗaya ta riƙe santimita 3 har harbi na 15, daga nan ta buɗe zuwa 5. Wanki ya ci zagayen amoniya tara. Ta Biyu ta fara watsewa a harbi na 20, zagaye shida. Ta Uku tun farko santimita 6 take yi, ta ƙara lalacewa bayan harbi 12, wanki kuma sai da kwanan kumfa biyu.

24 ga Fabrairu

Gwaji mafi sauƙi aka fara da shi: ruwan girafait, wato garin baƙin fensir a cikin sifirit. A tura ƙyalle biyu jiƙe ta bututu mai tsabta, a jira sifirit ya tashi, a bi da busasshen ƙyalle guda mara matsi. Manufar ita ce kada ƙwayar farko ta gogi tsuran ƙarfe, domin harbin farko a busasshen bututu shi ya fi kowanne barin jan ƙarfe, babu ko baƙin albarushin da zai shiga tsakani.

Ya taimaka wa harbin farko a duka ukun, ya matso kusa da sauran a takarda. A harbi na goma kyamara ba ta ga bambanci da ranar 10 ga wata ba. Za mu ci gaba da shafa shi bayan kowane wanki tunda bai da wahala, amma kaushin yana nan inda yake.

9 ga Maris

Ta Ɗaya: gogewa da harbi. Tunda cutarta zanen rima ne, sai a rage tsinin zanen.

Hanyoyi biyu ne. Gogewar hannu, inda ake zuba narkakkiyar dalma a kan sanda a cikin bututu, a shafa mata garin gurza a yi ta ja, aikin maƙerin bututu ne kafin a yanka ɗakin harsashi da leɓen baki, domin tana buɗe bakunan biyu fiye da tsakiya. A bututun da aka riga aka ɗaura, hanyar da ta rage ita ce harba ƙwayoyin da aka lulluɓe da garin gurza. Saitin da muka yi amfani da shi ƙwaya 50 ne, kaushi hawa biyar, goma-goma, daga mai kaushi zuwa mai laushi.

Kafin harbi na farko an auna nisan da ƙwaya ke yi kafin ta taɓa tudu, da ma'aunin da ake cusa wa kwanso mara albarushi, sau biyar, aka ɗauki matsakaici. Wanda bai yi wannan awon ba, ba zai san nawa ya kashe daga ran bututunsa ba.

An ɗura ƙwayoyin da mafi ƙarancin albarushin da littafin ɗuri, mai faɗin yawan albarushin da ake zubawa a kwanso, ya amince da shi ga wannan nauyin ƙwaya. Garin gurza na ƙara gogayya, matsi na hawa, don haka cikakken ɗuri haɗari ne. Kada kuma a sauka ƙasa da abin da littafin ya ce, ƙwaya na iya maƙalewa. Bayan kowane harbi ana zare sakata a leƙa a ga haske. Bayan kowane goma, wanki har tsuran ƙarfe, in ba haka ba garin zai riƙa gogar jan ƙarfen da ya rufe zanen ya bar zanen kansa. Ɗakin harsashi ma sai an share shi kowane zagaye, domin ƙwayar gurza guda da ta faɗa can za ta karce kwanso. Kwanson da aka yi wannan aiki da su an murƙushe su an zubar, gari na maƙalewa a wuyansu.

Ba mu harba hawa na farko duka ba. Bayan biyar daga cikinsa kyamara ta nuna tsinin zanen maƙogwaro ya kwanta, sai muka tsallaka zuwa na biyu. Ƙwaya 45 aka harba gaba ɗaya, cikin zama biyu.

Gogewar ta fi ci a maƙogwaro, tana raguwa zuwa baki, tunda garin na dushewa a hanya. Wannan alheri ne ta wata fuska, domin bututun da ya ɗan fi matsewa wajen baki ya fi riƙe ƙwaya. Kuɗin da aka biya shi ne maƙogwaro ya matsa gaba da milimita 0.3. Ga bututun masana'anta mai kaushi, cinikin ya yi. Bututun da maƙeri ya riga ya goge da hannu kuwa, yi masa wannan ɓarna ce kawai.

23 ga Maris

Ta Ɗaya ta riƙe santimita 3 har harbi na 40. Wanki zagaye uku. Dunƙulen dalma ya wuce matsin nan na inci shida da ƙyar ake jin sa. Zanen rima bai ɓace ba, a rabin gaba ana ganin sa sarai, amma ya zama kwari mara baki mai kaifi. Gudun ƙwaya ya ɗan sauka, kamar yadda ake tsammani idan maƙogwaro ya tsawaita, kuma an sake daidaita tsawon ɗuri don ƙwaya ta koma nisanta na da daga tudu.

6 ga Afrilu

Ta Uku: rufin seramik. Gurza ba ta da amfani a nan, ba za a iya goge bututu har ƙasan ramin tsatsa ba sai an mayar da shi wani faɗin dabam. Abin da ake so shi ne wani siririn rufi da zai shiga ramukan ya hana jan ƙarfe samun wurin kamawa. Ruwa ne da ake shafawa a ciki, ya bushe, sannan zafi da matsin harbi su gasa shi a jikin ƙarfe.

Gwajin farko bai kama ba, kuma laifin shirinmu ne. Bayan wanki mun bi da ƙyallen sifirit biyu muka ɗauka ya isa. Ramin tsatsa na riƙe mai kamar soso, kuma man da ke ratsa tsatsa, wanda muka yi ta jiƙa bututun da shi a watan Janairu, an yi shi ne musamman don ya shige irin waɗannan wurare. Rufin ya zauna a kan mai, harbi goma suka share shi. Kyamara ta nuna jan ƙarfe ya koma ramukansa kamar bai taɓa fita ba.

20 ga Afrilu

An sake. Kwanan kumfa biyu, sannan man gurza: ƙyalle a naɗe a buroshi, ja talatin gajeru-gajeru daga baya zuwa gaba, ba a barin ƙyallen ya leƙa waje ta baki. Ƙyallen J-B kullum baƙi yake fitowa ko bututu na da tsabta, don haka ba a bin launinsa. Bayan nan aka wanke man gurzan da maganin baƙi, aka cire bututu da gidan sakata daga katako, aka toshe baki, aka cika shi da asiton na minti ashirin, aka zubar, aka sake. Asiton na cin fenti da roba, shi ya sa aka raba shi da katako, kuma a buɗaɗɗen wuri aka yi, nesa da wuta. Ƙyalle na ƙarshe an ɗiga shi a kan gilashi, ya bushe bai bar tabo ba. Daga nan yatsa bai sake taɓa ƙyalle ko kan sanda ba sai da safar hannu.

An girgiza ruwan rufin sosai tunda ƙwayoyinsa na kwanciya a ƙasan kwalba, aka jiƙa sabon burushin auduga, aka bi bututu a hankali sau shida. An toshe ɗakin harsashi tukuna, domin rufi a can na rage yadda kwanso ke kama bango lokacin harbi, nauyin ya koma kan sakata. An jingine bindigar baki ƙasa ta kwana, washegari aka harba goma a jere don bututu ya ɗauki zafi.

Wanki uku na farko bayan rufi, ƙyalle da magani kawai, babu buroshin tagulla, babu man gurza har abada, in ba haka ba an kankare abin da aka sha wahalar shafawa. Wankin farko bai nuna wani canji ba. Na uku ne ya nuna: bayan harbi 20, zagayen amoniya huɗu suka fitar da komai, ba a buƙaci kwanan kumfa ba. Jan ƙarfe na shiga ramukan har yanzu, sai dai ba ya riƙewa. Tarin ramuka a takarda na nan a santimita 6. Rufi bai mayar da ƙarfen da tsatsa ta cinye ba, kuma ba mu sa ran haka ba.

4 ga Mayu

Ta Biyu ta fi ba da wahalar yanke shawara. Maƙogwaron da ya tsattsage ba ya gyaruwa. Gasa bututu a ruwan gishirin naitirojin, wanda ke taurara fatar ƙarfe a zafin da ya kusa digiri 580 na Selshiyas, ana yin sa ne kafin tsaga ta bayyana. A kan tsagaggen maƙogwaro gefunan tsagar ne za su taurare su riƙa ɓantarewa. Don haka aka cire shi daga lissafi. Abin da ya rage shi ne a rage abin da ƙwaya ke bari, ko a sa albarushi ya kwashe shi.

Shafa wa ƙwaya abu mai santsi tsohuwar dabara ce, kuma tana da tarihin da ya kamata a sani. A farkon ƙarni na 20 rigar harsashin sojan Amurka gaurayen jan ƙarfe da nikel ce, tana barin gudaji wajen bakin bututu, maharba suka riƙa tsoma ƙwaya a giris. A gasar ƙasa ta 1921 aka fito da harsashi mai rufin kuza don maganin kantar. Kuzar ta manne da wuyan kwanso, giris kuma ya shiga ɗakin harsashi, matsi ya hau, bindigogi suka lalace. Komawa ga gaurayen jan ƙarfe da tutiya ne ya kashe matsalar gudajin.

Yau abubuwa uku ake shafawa: moli (baƙin garin molibdinam mai santsi), da garin tangistin mai kama da shi, da farin garin boron naitaraid. Mun bar moli saboda yana taruwa a maƙogwaro hawa-hawa, yana kuma riƙe danshi a jikin ƙarfe. Boron aka ɗauka. An wanke ƙwayoyi 100 da asiton, aka zuba su a gora mai murfi tare da ƙananan ƙwallayen ƙarfe da garin da bai wuce kan ƙaramin cokali ba, aka sa a injin girgiza awa biyu, aka goge su da tawul. In gari ya yi yawa sai ya dunƙule a jikin ƙwaya, gudu ya riƙa bambanta. Bututun ma an bi shi da ƙyalle guda na garin a cikin sifirit.

Gargaɗi ga mai ɗuri: ƙwaya mai santsi na rage matsi da gudu. Wanda ya ƙara albarushi don ya dawo da gudun, sannan wata rana ya sa ƙwaya mara rufi a kan wannan ɗurin, ya wuce iyaka. A rubuta a jikin akwati, kuma duk canjin ƙwaya a koma ɗurin farawa.

Sakamako: watsewa ta matsa daga harbi na 20 zuwa wajen 30, wanki zagaye huɗu. Sai da aka yi harbi takwas kafin gudu ya zauna wuri ɗaya.

18 ga Mayu

Wani abu ya fito a Ta Ɗaya da ya sa muka sauya tsarin wanki. Bayan kowane wanki har tsuran ƙarfe, harbi biyar zuwa shida na farko ba sa zama tare da sauran, sai jan ƙarfe ya cike sauran kwarin zanen rima sannan ta nutsu. Daga nan kantar ba ta ƙaruwa sosai, kyamara a harbi na 15 da na 35 kusan hoto ɗaya take nunawa. Ke nan akwai gwargwadon jan ƙarfen da wannan bututu ke so, muna ta kwashe shi muna sake biyan harsashi shida don mu mayar.

Yanzu bayan kowane zama baƙin albarushi kawai ake cirewa, da maganin da ba ya cin jan ƙarfe, sai ƙyallen mai. Amoniya sai takarda ta nuna buɗewa. Haɗarin wannan tsari shi ne danshi na iya ɓuya ƙarƙashin jan ƙarfe ya ci 4140 ba a gani ba, don haka in bindigar za ta shiga ajiyar da ta wuce wata guda, sai an kwashe komai an shafa mai. Kafin harbi kuma a bi da busasshen ƙyalle, mai a cikin bututu na ɗaga matsi.

1 ga Yuni

Ta Ɗaya ta kai harbi 70 babu amoniya, tarin bai wuce santimita 3 ba. Za a ci gaba har ya buɗe don a san iyakarta. Ta Uku na kan wanki na bakwai bayan rufi, zagaye huɗu har yanzu. Abin da ake jira shi ne a ga harbi nawa rufin zai ɗauka kafin ya fara sakin wajen maƙogwaro, inda wuta ta fi zafi.

Ta Biyu za ta shiga gwajin albarushi mai kwashe jan ƙarfe. Dabarar daga manyan bindigogin yaƙi ta fito, inda ake saka ɗan dalma ko kuza cikin ɗuri don su haɗu da jan ƙarfen su mai da shi mai gautsi, harbi na gaba ya share shi. Albarushin zamani irin CFE 223 da jerin Enduron na IMR da Reloder 16 na ɗauke da sinadarin da ke wannan aiki. Don kada abu biyu su haɗu, za a wanke boron ɗin gaba ɗaya, a koma ƙwaya mara rufi, a fara daga ɗurin farawa na littafi, a hau a hankali ana duba kwanso. An sake auna maƙogwaronta yau: ya ƙara milimita 0.1 tun watan Fabrairu, tsagar kuma ta kai inci biyu da rabi. An ɗura ƙwaya 25 na farko, biyar-biyar, za a harba su mako mai zuwa.